Kawuna da Gulbin Cikin Kwamfuta

Shekarun baya, lokacin jihar Kebbi ba ta daɗe da kafuwa ba kuma kwamfuta abin kallo ce a unguwa, na sayi wata tsohuwar kwamfuta na ajiye a shagona na ƙofar gida a unguwarmu ta Badariya. Na ce wa mahaifiyata takardu zan riƙa buga wa mutane. Takardun da na buga dai ba su taka kara sun karya ba, domin wani abokina ya saka mini wasan yaƙi na zamanin da. Za a ba ka ɗan gari da manoma da 'yar zinariya a baitulmali, ka gina ganuwa, ka tara dakaru, ka jira abokan gaba. Ni da ko kaza ba na iya yankawa, sai ga ni ina jan runduna.

Na sha kashi kafin na gane kan wasan. Da farko duk abin da na samu mahaya dawaki nake zuba wa, don sun fi kyan gani. Albashinsu ya lashe baitulmali, su watse su bar ni da ganuwa. A hankali na gane cewa manoma ake fara tarawa kafin sojoji, maharba a kan ganuwa sun fi doki araha, kuma in ka matsa wa talakawa da haraji guduwa suke yi. Amma babban sirrin shi ne gulbin da ya ratsa tsakiyar ƙasar. Gonar bakinsa ta fi albarka, kasuwar bakinsa ta fi kawo kuɗi. Wanda ya riƙe gulbi shi ke iya ciyar da runduna.

A shekarar ne ruwa ya yi gyara a wajen Argungu. Kawuna, yayan mahaifiyata, shinkafarsa ta kusa isa yanka gulbi ya taso ya shafe ta. Mahaifiyata ta sa aka zo da shi ya huta a wurinmu. Mutumin da in yana gida ba a jin muryar kowa saboda barkwanci, sai ya koma yana yini a gindin darbejiya bai ce uffan ba. Ya riga ya yanke shawarar sayar da fadamar, har an samu mai saye. Fadamar nan gadon kakanmu ce.

"Yaya, hwadamar Baba ta," in ji mahaifiyata. "In ka saishe ta, mi za ka yi?"

Ya ce, "Na gaji da noma ma gulbi abinci."

Wata rana da hantsi an kawo wuta ina tsakiyar yaƙi, sai na ji mutum tsaye a bayana. Kawu ne. Ya daɗe yana kallo.

"Waɗanga 'yan mutanen, manoma na?"

"Manoma na, Kawu."

"To masu dawakin ga hwa, wa ka ciyar da su?"

Daga ranar na sauka daga mulki. Shi ne Sarki, yana zaune kan kujerar roba yana ba da umarni, ni kuma ɗan aike mai danne-danne. Kuma ya iya mulki, ba laifi. Bai yarda a ƙara haraji ba, bai yarda a ɗauki soja ba sai rumbu ya cika. Abu ɗaya ne ya gagara. Da na ja manoma zuwa bakin gulbi sai ya ɗaga hannu.

"Kai su tudu."

"Kawu, ku duba, bakin gulbi ad da kuɗi."

"Tudu nic ce."

A tudu gona ba ta ba da abin kirki. Zinariya ta riƙa shigowa kamar ɗigon famfon da aka ɗauke wa ruwa. Abokan gaba suka zo suka kafa kasuwa a bakin gulbinmu, suka yi ƙiba, mu kuma albashin maharba ya gagare mu. Suka ci garin. Muka sake daga farko, suka sake ci. Raina ya fara ɓaci, don a unguwa ana yi mini kallon gwani.

Na ce, "Kawu, wanga gulbi ba ya cika. Wanda yay yi wasan bai sa ambaliya ciki ba."

Bai ɗauke ido daga kwamfutar ba. Ya ce, "Haka nic ce ma iyalina bana. Nic ce ba ya kawowa nan."

Sai a lokacin na gane. Ni ina lissafin albashin soja, shi ashe tausayin 'yan mutanen nan yake ji. Ba ya son ya tura kowa inda aka cinye shi.

Washegari shi ya fara zuwa shagon. Ya ce in buɗe sabon wasa amma kada in taɓa komai, gulbin za mu kalla. A wasan shekara ba ta da tsawo, damina da kaka duk sukan wuce kafin shayi ya huce. Muka zauna, babba da yaro, mun zuba wa ruwan zane ido. Mahaifiyata har ta leƙo don ta ji shiru, ta ɗauka wuta aka ɗauke. Damina ta zo ta wuce, gulbi bai motsa ba.

"Kai mutum guda," in ji Kawu. "Guda dai."

Daga guda aka ƙara, har muka kafa kasuwa. Baitulmali ya fara nauyi. Na so in sayi dawakina, ya hana, ya ce maharba za a jera a ganuwa. Sharaɗinsa ɗaya ne: gona a bakin gulbi, rumbu a tudu.

Da abokan gaba suka zo, ganuwa ta tsaya, amma sun ƙone gonakin bakin ruwa ƙurmus kafin su juya. Na dafe kai na ce shi ke nan. Kawu ko gezau.

"Rumbu na nan, mutane na nan. Maida su, a sake shuka."

Yana rufe baki na waiwaya na dube shi. Na tabbata ya ji abin da ya faɗa. Na mayar da manoman bakin gulbi.

Bayan 'yan kwanaki muna karyawa ya ce wa mahaifiyata, "Gobe gida za ni. Ruwa ya janye, mutane sun hwara zuba irin rani. Mai sayen ga, ni ba shi haƙuri." Ta tashi ta shige madafi, ta daɗe ba ta fito ba. Da na raka shi tasha, har ya shiga mota ya leƙo ta taga ya ce, "Garinmu hwa, kak ka saya musu dawaki."

Ba zan ce wasa ne ya hana a sayar da fadamar ba. Addu'ar mahaifiyata ta riga shi aiki. Abin da na koya shi ne, mutumin da aka cinye ba ya dawowa da lallashi ko da hujja, sai ya zauna ya ga damina ta wuce da idonsa. Kawu ya rasu, Allah ya jiƙansa. Fadamar tana hannun 'ya'yansa, gulbi ya sake ci a wasu shekarun, sun sake shukawa.

Har yau nakan taɓa irin wasannin nan a waya in na samu sarari. Gonata a bakin gulbi take, rumbuna kuwa can kan tudu, ko da yake wasan ba ya ba ni ko kwabo a kan haka. Umarnin Sarki ne, kuma bai janye shi ba kafin ya tafi.