Abin da Aka Tarar a Cikin Tsohon Lagireto

Bazarar nan shekara tara ke nan da aka kawo mani ɗana a bayan a-kori-kura, lulluɓe da zanen wata mata da har yau ban san ko wace ce ba. Ni ban yi boko ba. Ɗiyata Hajara, da ke koyarwa a Kankia, ita ke riƙe da biro, ina faɗa tana rubutawa, kuma na ce kada ta sassauta mani magana ko da ta ji ta yi nauyi.

Ɗan farina ne, don haka ban taɓa kama sunansa ba yana da rai, ba kuwa zan fara a jarida ba. Mutanen Kusada Mai Ja suke ce mashi, saboda motarsa. Hatsi yake saye a ƙauyukan Dudunni da Boko ya kai kasuwa, amma zuciyarsa ba a kan buhu take ba. Tana kan wata jar mota ƙirar Jamus mai ƙofa biyu, gajera kamar an danne ta da hannu. Ya sa aka cire injinta aka ɗora mata wanda ya fi shi ƙarfi. In ya taso daga Kankia, kajin gidanmu kan riga mu sani.

Motar nan cuta ɗaya gare ta, zafi. Gudu kaɗan sai ta fara huci, ruwa na tafasa a cikinta kamar tukunyar ɗumame. Akwai wani abu a gaban mota da suke kira lagireto, mai ƙananan hanyoyi kamar saƙar zuma. Ruwa ke bi ta ciki, iska ta buge shi ya huce, ya koma ya sanyaya inji. Wannan duk daga baya na san shi. A lokacin abin da na sani kawai, motar ɗana na shan ruwa, kuma ni ce mai ba ta.

A gidanmu ba a fita tafiya ba a kurɓi ruwan rijiyar tsakar gida ba. Haka na tarar wajen uwar mijina. Ruwan na da ɗan zartsi, sabulu ba ya kumfa da shi sosai, amma mun saba. Da ya sayi motar sai na ce ai ita ma matafiyiya ce. Kowace safiya in ja guga, in cika jarka, in yi addu'ata in tofa a ciki, in miƙa mashi, ya buɗe gaban mota ya ɗura. Shekara huɗu muna haka. Wata rana na ga wani koren ruwa a galan a bayan motar, ya ce na kanti ne, don inji aka yi shi. Na ce, "Wa ya yi mashi addu'a?" Ya yi dariya. Ban ƙara ganin galan ɗin ba.

Ranar da abin ya faru da rana tsaka ne, zafi kamar ƙasa za ta kama da wuta. Motar ta tafasa a wata kwana tsakanin Kusada da Kankia, inji ya mutu a kan titi. Ya fito ya ɗaga murfin gaba, tururi ya rufe shi. Babbar mota ta taho da kaya. Direbanta ya rantse bai ga mutum ba, farin hayaƙi kawai ya gani. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Kwana uku kafin nan ya kai motar wajen Ɗanjuma, abokinsa tun na ƙuruciya, mai gyaran lagireto a Kankia. Wannan kaɗai na riƙe. Ranar addu'ar uku, gaban jama'a, Ɗanjuma ya durƙusa zai yi mani gaisuwa, na ce ya tashi ya fita, shi ya kashe mani ɗa da aikin ha'inci. Na faɗa a gidan suna, na faɗa a gidan biki, na faɗa wa duk direban da ya tsaya a ƙofarmu. Maganar uwar mamaci ba a musa ta. Motocin Kusada suka daina zuwa wajensa. Shekara tara in mun haɗu ya gaishe ni sai in kau da kai, shi kuwa bai taɓa wuce "Inna, Allah ya ƙara haƙuri" ba.

Motar aka jawo ta gida, gefe ɗaya a lotse, na sa aka rufe ta da tampol a gindin darbejiya. Bana Bashir, ɗan marigayin, wanda yanzu magidanci ne da iyalinsa, ya zo ya zauna kusa da ni.

"Tsohuwa, motar can ta fi ki ƙuruciya. Bari in tashe ta."

"Ka tashe ta ka kai ta ina, mai gidana? Lahira?"

"Lahira ai ke ce kan layi. Ni Kankia zan kai ta."

Sau biyu ina hana shi. Na uku na yarda, amma na kafa sharaɗi kada ta taka shagon Ɗanjuma. Ya ce to. Ashe can ya nufa kai tsaye, don a duk Kankia babu wanda ya san cikin motar nan kamarsa.

Bayan sati biyu ya zo da safe, babu wasan da ya saba, ya ce in ɗauki mayafi akwai abin da zan gani. Ban san inda za mu ba sai da na gan mu a ƙofar shagon. Na so in juya, ya riƙe mani hannu.

Sabon lagireto na jingine da bango, fari tas, na alminiyam, kaurinsa ya kai tafin hannu. Bashir ya ce hanyoyin ruwansa layi uku ne, na tsohon layi ɗaya, kuma fanka biyu za a haɗa mashi, don injin da ke cikin motar ya fi ƙarfin ƙaramin tun farko. Tsohon kuwa na kwance a ƙasa, an narka dalmar samansa an buɗe shi. Na leƙa. Hanyoyin nan duk sun cushe da wani farin abu mai tauri kamar kanwa. Bashir ya ɗaga shi saitin rana, haske bai ratsa ba sai ta 'yan ƙofofin da ba su kai yatsun hannu ba.

"Baba Ɗanjuma, faɗa mata abin da ka faɗa mani."

"Bashir, ba haka muka yi da kai ba."

Ban jira su ba. Na sa farce na ɓanɓaro ɗan guntu, na duba, na ɗora a harshe. Na san shi. Shi ne ke kwanciya a gindin butar shayina, wanda nake kankarewa da cokali duk wata. Zartsin rijiyarmu ne. Na zauna a kan wata tsohuwar taya, gaban maza, ban ma gyara mayafi ba.

Da na matsa mashi, Ɗanjuma ya yi magana kansa a ƙasa. Ya ce sau uku yana gaya wa abokinsa abu biyu: a sa babban lagireto, a daina ruwan rijiya. Babban ya yarda, har an aika Kano a nemo, bai iso ba sai bayan rasuwa. Ruwan ne ya ƙi. Ya ce ruwan Inna ne, ba zai zubar da shi a bayan idona ba, kuma ba shi da bakin da zai ce mani addu'ata na toshe mashi mota. Zuwan ɗana na ƙarshe, Ɗanjuma ya wanke abin da ya wanku, ya roƙe shi kada ya yi gudu da rana.

Na ce, "Me ya hana ka faɗa ranar da na kore ka?"

Ya ce, "Inna, ranar ɗa kika rasa. In na faɗa, me zai rage maki?"

Na sani kwana ne ya ƙare. Malamai sun gaya mani, na kuma yi imani. Amma har yau in na ji ƙarar guga a rijiya sai gabana ya faɗi. Hannun nan nawa, kowace safiya, da bisimilla.

Ina tunanin da marigayin zai leƙo ya ga motarsa yanzu. An fitar da lotsawar, an saka farin lagireton, an ɗura koren ruwan da na taɓa rainawa. Bashir ya ce ya je Katsina ya dawo cikin tsakar rana, allurar zafi ba ta motsa daga tsakiya ba. Na san marigayin zai zagaya ta sau uku yana shafa ta, ya tambayi wa ya yi aikin, in an ce Ɗanjuma ya ce ai dama. Samarin yanzu a waya suke duba irin lagireton da ya dace da injinsu, kuma ba sa jin nauyin ce wa kakarsu ta yi kuskure. Da wannan zai ba shi mamaki fiye da fanka biyun. Ban sani ba ko zai yi wa Bashir faɗa a kan kai ni shagon nan. Ni dai ban yi mashi ba.

Abin da ya rage mani na ɗana shi ne kunyar nan tasa, kuma ban san yadda zan auna ta ba. Wata rana in ji babu uwar da aka girmama kamata. Wata rana in ji haushinsa, don da ya buɗe baki, fushin kwana biyu zan yi in huce. Ya zaɓi abokin da ya yi irin shirunsa, ya ɗauki laifina a kansa shekara tara, 'ya'yansa na ci daga aikin da na kore.

Na durƙusa wa Ɗanjuma a shagonsa, ya yi sauri ya ɗaga ni, ya ce ya yafe tun ranar. Amma a shago mutum uku ne suka ji, ni kuwa a bainar jama'a na ɓata shi. Shi ya sa na zaunar da Hajara. Duk wanda ya taɓa ji daga bakina cewa Ɗanjuma mai lagireto ya kashe mani ɗa, a Kusada ne ko a Kankia, to bakin nan dai ne yau ke cewa ƙarya na yi mashi. Aikinsa mai kyau ne. Ku mayar mashi da motocinku.