Ranar da Keken Uelese Ya Wuce Dattawa

Uelese ya gaji ƙararrawa daga mahaifinsa, kamar yadda wasu ke gadar gonar kwakwa ko kwale-kwale. Ni da shi sa'o'in juna ne. Tare muka yi makaranta a nan tsibirin Savai'i, tare aka sallame mu daga ƙungiyar mawaƙan coci saboda murya. Ni na ƙare a zauren dattawa ina gyangyaɗi, shi ya ƙare da guntun ƙarfe a hannu.

Aikin ba shi da wuyar faɗa. Idan rana ta kusa taɓa ruwa sai a buga ƙararrawa, kowa ya zauna inda yake a yi addu'ar yamma. Mai tafiya ya zauna a bakin hanya, mai girki ta bar tukunya, ko mota ce ta shigo gari sai ta tsaya. Ba mai motsi sai an sake bugawa. Mai ƙararrawa kaɗai ke da izinin tafiya.

Sai dai garinmu dogo ne, hanyarsa ɗaya, kuma akwai wani dutse da ya turo hanci a tsakiya yana tare sauti. Shi ya sa ƙararrawarmu biyu, duka tsofaffin tukwanen gas ne rataye a bishiyar mangwaro: ɗaya a unguwar ƙasa kusa da coci, ɗaya a unguwar sama inda hanya ta ƙare. Uelese yakan buga ta ƙasa, ya hau kekensa ya haura, ya buga ta sama, ya yi tasa addu'ar a can, ya sallami 'yan sama, sannan ya gangaro ya sallami 'yan ƙasa. Shekara talatin da huɗu yana haka. Sau ɗaya ya taɓa barin tsibirin, ya je birnin Apia cire haƙori, ya dawo a jirgin ruwan rana da auduga a baki don kada ya makara.

Sai gwiwoyinsa suka fara ba shi shawara. Hawan da yake yi a minti biyar ya koma goma, ya koma ashirin, daga baya ya koma tura keken da hutawa a gindin kowace kwakwa. 'Yan sama ba su ga wani canji ba. 'Yan ƙasa kuwa addu'arsu ta yi ta tsawo har ta kusa awa guda. Gwaza na ƙonewa a wuta, sauro na shan biki. Fasto da kansa, bayan ya gama da masu rai da marasa lafiya da matafiya, an ji shi yana roƙa wa kifin teku albarka.

Iakopo ne ya kawo maganar zaure. Ɗan baffan Uelese ne, ya girme shi da shekara goma sha biyu a surutu, amma a haihuwa ƙaninsa ne, kuma ya daɗe yana kallon ƙarfen nan ta gefen ido.

"Ranku ya daɗe," in ji shi, "mu 'yan ƙasa mun gama tamu addu'ar ta bana da ta baɗi. Wadda muke yi yanzu ta 'yan sama ce. Yayana ya yi ƙoƙari, amma gwiwa ba ta jin lallashi. A ba mai ƙafa aikin ƙafa."

Tsoho Tapusoa, shugaban zauren, ya saurare shi har ƙarshe. Sannan ya ce zuwa zama na gaba, Litinin ta farkon wata, idan 'yan ƙasa suka zauna fiye da minti ashirin, ƙarfe ya koma hannun Iakopo.

Uelese ya ce, "To, ranku ya daɗe," ya tafi gida. Matarsa Fuatino ta gaya mini ranar bai taɓa kifinsa ba. Ya zauna yana shafa ƙarfen, daidai inda hannun mahaifinsa ya suɗe shi ya yi santsi.

A bayan gidansu akwai wani keken guragu mai lantarki, wanda 'yarsu da ke aiki a birnin Okland, can ƙetare, ta aiko wa kakarta Lanuola, mahaifiyar Fuatino. Tsohuwar tana da shekara casa'in da ɗaya lokacin da aka sauke shi. Ta zagaya shi sau ɗaya ta ce a ba mara lafiya. Tun daga nan kaza ta tare a ciki.

"Inna," in ji Uelese, "keken nan naki da ba kya hawa..."

"Ba nawa ba ne, na kaza ne. Tambaye ta."

"Injin kawai nake so, Inna."

"Tana kan ƙwai tara. Ka taɓa ta, in taɓa ka."

Ya jira kwana goma sha ɗaya har aka ƙyanƙyashe. Shi ya sa aikin da ya kamata a yi a natse aka yi shi a guje.

Na leƙa shi sau biyu yana aikin. Ya ɗaure injin a kan kariyar bayan kekensa, ya samo ƙaramin rim ya ɗaure a jikin tayar baya, ya haɗa su da bel ɗin wani mataccen injin wanki. Batura biyu ya sa a gwangwanayen biskit, ɗaya dama ɗaya hagu. Nauyin ya riƙa kayar da keken, sai ya ɗauko ƙananan tayoyin keken guragun ya kafa su a gefe da gefe. Yanzu keken na iya tsayawa da kansa ba mai riƙe shi. Uelese ya yi alfahari da wannan sosai. Ni ma na yaba, a lokacin.

Abin da ake murɗawa a rage gudu ko a ƙara, kazar ta riga ta yi masa abin da kaji ke yi. Don haka ya ciro makunnin fitilar kicin. Keken ya zama yana da gudu iri biyu: tsayuwa, da kuma ɗayan.

"Ka cire min makunni, yanzu kuma waya kake so?" in ji Fuatino. "Tsohon nan, a duhu za ka ci tuwon ayabarka?"

"Kamu uku kawai, uwargida. Ta kai hannun keke."

"Kamu ɗaya. Sauran ta rediyona ce."

"Kamu ɗaya ba ta kai ko'ina ba."

"To, ka kai ko'inan kusa da ita."

Haka makunnin ya tsaya inda waya ta ƙare, wato a ƙarƙashin sirdi, ta gaba kaɗan. Uelese ya gwada keken da safiyar Litinin ɗin, a cikin gonar kwakwa, sanye da gajeren wandon aiki. Ya danna, ya tafi. Ya danna, ya tsaya. Komai daidai. Bai tuna cewa ba da wandon aiki yake fita bugun ƙararrawa ba. Farin zane yake ɗaurawa, kamar kowane mutumin kirki, kuma idan mai zane ya zauna a sirdi, zanen yakan rufe wasu wurare.

Zaurenmu yana bayan dutsen nan kaɗan, a bakin hanya, ginshiƙai ne da rufi, ba bango. Muna jiyo ƙararrawar ƙasa can-can, amma ta sama muke bi. Kuma tun kafin a haifi kakanninmu, ba mai wuce zaure a kan abin hawa idan dattawa na zaune. Doki ne ko keke, sai ka sauka, ka rusuna, ka nemi gafara, ka wuce a hankali. Uelese bai taɓa saɓa wannan ba ko sau ɗaya.

Da yammar, mu goma sha huɗu ne a zaune a kan tabarmi. Tapusoa ya ajiye agogo a gabansa. Iakopo ya zo da nasa agogon, don kada na farko ya gaji.

Muka fara jin wani sauti kamar ƙudan zuma ya shiga gwangwani. Sai ga Uelese ya ɓullo ta bayan dutse, ƙafafunsa ba sa motsi, farin zane na kaɗawa, ƙarfen ƙararrawa ɗaure a gaban keke yana nuna hanya kamar ƙahon bijimi. Ban taɓa ganin fuskarsa da irin wannan haske ba tun ranar aurensa.

Sai ya hango mu.

Hannunsa na dama ya bar kan keke ya gangara neman makunni. Ya kai bakin zane ya tsaya. Ya dube mu, dattawa goma sha huɗu, duk idonmu a kansa. Hannun ya koma inda ya fito. Ya sake gwadawa ta baya, ya ga abin ya fi muni. Akwai wurin da mutum mai kunya ba ya kai hannu a gaban manya, ko da gari zai kama da wuta. Saura taku kaɗan ya kai zaure, kuma wucewa a zaune ba ta cikin lissafinsa.

Sai ya sauka.

Keken bai sauka ba. Uelese ya riƙe kan keken da hannu biyu, ya rusuna yadda ya kamata, ya wuce gabanmu a guje a duƙe, gwiwoyin nan da aka ce sun mutu suna tashi har ƙirji.

"Gafara dai! Gafara dai, ranku ya daɗe! Gafa..."

Daidai ginshiƙi na ƙarshe bel ya kama bakin zane. Zanen ya ɗan yi shawara, ya zaɓi keke.

Keken ya haura shi kaɗai, ƙananan tayoyinsa na riƙe da shi tsaf, farin zane na binsa a baya. Karnuka suka bi. Wani alade da ke kwance a hanya ya tashi da ladabin da ban san yana da shi ba. Hanyar miƙaƙƙiya ce, kuma a gindin mangwaro ta ƙare.

Kwaaang!

Ko mahaifin Uelese bai taɓa fitar da sauti irin wannan daga tukunyar nan ba. Unguwar sama duka ta zauna. Mu ma muka sunkuyar da kai muka rufe ido, don lokacin addu'a ya yi.

Daga nan ni ban ga komai ba. An dai ce wandon da ke ƙarƙashin zanen Fuatino ce ta ɗinka shi da buhun fulawa. An ce a bayansa an rubuta kilo ashirin da biyar, a ƙasa kuma an rubuta a ajiye a busasshen wuri. Ban san wanda ya karanta ba.

Tapusoa ya fara addu'a da ƙarfi. Muryarsa na rawa, wataƙila tsufa ne. Da ya kai wurin roƙa wa marasa sutura sutura, sai na ji ƙarar tabarma ana tura ta da ƙafa, a hankali, har ta faɗa bakin hanya. Na ji an ɗauka. Na ji taku yana haurawa, ɗaya da nauyi, ɗaya da ja. A gefena tabarmar Iakopo na girgiza kamar yana zazzaɓi.

An jima aka buga ƙararrawar sallama. Muka buɗe ido. Sai ga Uelese ya gangaro a kan keken, injin a kashe, tabarma ɗaure a ƙugu, zanen a wuya ya zama tsumma. Ya sauka, ya rusuna, ya ce gafara dai, ya wuce ya je ya sallami 'yan ƙasa. Sannan ya dawo ya zauna a bakin zaure, ya ajiye ƙarfen a gabansa, ya ɗan tura shi wajenmu.

Agogo biyun sun yarda da juna: minti ashirin da shida.

"Ranku ya daɗe, magana ta ƙare," in ji Iakopo, yana share hawaye. "Shida ta hau kan ashirin. Kuma kowa ya ga yadda Yaya ya haura da ƙafa yana ɗingishi, yana riƙe tabarma kamar amaryar da..."

"Yaushe ka gani?" in ji Tapusoa.

"Ɗazu mana, bayan keken ya..."

"Bayan an buga ƙararrawa?"

Iakopo ya buɗe baki, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Kowa na kallon tabarmarsa.

"Akwai wanda idonsa ke buɗe a lokacin addu'a?" in ji Tapusoa.

Ba a samu ba.

"To. Ni abin da na gani da idona, mutum ya zo wuce zaure ya sauka, a gudun da wani zai ce a yi masa uzuri. Abin da na ji da kunnena, ƙararrawa ta buga a kan lokaci. Minti shidan nan kuwa a cikin addu'a suka ɓace, ba mu da shaida." Ya sa sanda ya mayar da ƙarfen gaban Uelese. "Keken ne bai rusuna ba, kuma laifin gajeriyar waya ne. Iakopo, tunda kai ne mai kaifin ido a cikinmu, ka nemo masa kamu uku kafin gobe."

Washegari Iakopo ya kawo kamu biyar, daga fitilar barandarsa ya ciro. Shi ya riƙe keken Uelese na ɗaurawa, suna musu a kan wane hannu ya fi dacewa da makunni.

Shekara shida ke nan. Makunni na kan hannun dama, inda kowa ke iya ganinsa. Uelese na sauka a bakin zaure ko da ba kowa a ciki sai kare. 'Yan ƙasa kuma yanzu minti goma sha biyu suke zama, har fasto ya fara ƙorafin ba ya kai wa ga matafiya. Fuatino ta sayo yadi mara rubutu a satin da abin ya faru. Ta ce ba wanda ya gaya mata komai.

Rana ta fara sauka. Idan kun saurara, za ku ji ƙudan zuman ya taso daga wajen coci. Ku gyara zama.