Hudar ƙusa a wuyan tiyo

Plombiyen, wato mai aikin famfon da ya haɗa mana tankin kifi a gidan abincin nan na Treichville, ya raina ni, kuma har yau ban yafe masa ba. Sau biyu ruwa ya malale ya cika falo, sau biyu ya zo ya nuna ni da makullin babur ɗinsa ya ce ni ce. Da na tambaye shi ta yaya, sai ya juya wajen Hajiya mai gidan abincin yana yi mata bayani da Faransanci, ni kuwa kamar kujera aka ajiye a wurin.

Na daɗe ina shara da goge-goge a gidan. A Adjamé Liberté nake zaune, kullum da safe in shiga bas in tsallaka gadar lagun, babban ruwan da ya ratsa gari, in riga kowa buɗe ƙofa. Aikin bai taɓa damuna ba. Da aka kawo tankin ma sai ya ƙara mini daɗi. Gilashi ne dogo, ya kusa tsawon gadon mutum ɗaya, da kifaye ja da ruwan ɗorawa, da wani baƙi mai kumburin baki da ke kallon mutane kamar an ci masa abinci. Hajiya ta ce ni zan riƙa ba su abinci ina ƙara musu ruwa. Kafin wata guda sun san ni. Da na matso sai su taru a kusurwa ɗaya.

A ƙarƙashin tankin akwai kabad, a cikinsa wani ƙaramin tanki da soso da duwatsu da inji. Ruwan sama yana zuba ta wani leɓe a kusurwa, ya gangara ƙasa ya tace, injin ya sake tura shi sama ta wani tiyo da bakinsa ke nutse cikin ruwa. Iyakar abin da na sani ke nan, kuma da idona na gano shi, ba wanda ya zaunar da ni.

Karo na biyu da ruwan ya malale, da tsakar rana ne. Mutane na cin acake, dambun rogon nan, da soyayyen kifi, sai aka ɗauke wuta. Fanka ta tsaya, injin ya yi shiru. Ba a jima ba ruwa ya fara fitowa ta ƙasan kabad, ya bi ƙafafun tebura. Wani direba da ke zuwa kullum ya ɗaga ƙafafunsa ya ce, "Hajiya, 'yan uwan wanda nake ci ne suka biyo sawu?"

Kowa ya yi dariya ban da ita. Bayan plombiyen ya zo ya gama nuna ni ya tafi, ta same ni ina matse tsumma.

"Tanti, ba na son rigima da ke. Amma in aka sake, zan kira waɗanda suka sayar mini da kifin su kwashe abinsu. Falona ba lagun ba ne."

"To me ya ce na yi?"

"Ya ce kina taɓa abin da ba ki sani ba."

"Shi da ya sani, me ya hana shi faɗa?"

Ta ɗaga kafaɗa ta koma kicin. Na tsaya ina kallon baƙin kifin, shi ma yana kallona. Ban yi boko ina yarinya ba, sai da jikokina suka fara tafiya na shiga ajin manya na koyi riƙe biro. Abin da na fi ƙaruwa da shi a ajin nan bai wuce wannan ba: in ban gane abu ba, ba kaina ne ya lalace ba, bayanin ne bai zo ba.

Da yammar ranar aka kawo ruwan famfo a unguwarmu. Duk wanda ya zauna Adjamé ya san yadda muke yi. In ruwa ya zo, ba a barin komai da sarari. Ganga, bido, bokiti, tukunya, har butar alwala, sai an cika kowanne ya kai baki, don ba ka san ranar da zai dawo ba. Ina janyo ruwa daga ganga zuwa bokiti da guntun tiyo, irin wanda za ka zuƙa sau ɗaya ya ci gaba da kansa, sai 'yata ta ce, "Maman, ɗaga bakin mana, bokitin ya cika."

Na ɗaga bakin tiyon daga cikin ganga. Ya yi ƙurrr, ya sha iska, ruwa ya tsaya.

Na tsaya riƙe da shi yana ɗiga a ƙafata. 'Yata ta ce, "Lafiya?" Na ce lafiya lau, ta ƙyale ni. Tiyon da ke kai ruwa sama a wurin aiki, in injin ya mutu, me zai hana shi ya juya ya zama irin wannan? Bakinsa na can nutse, zurfinsa ya kai tafin hannu. Zai yi ta zuƙo ruwan kifaye yana zubawa ƙasa har sai ya sha iska. Sannan na tuna abu na biyu, wanda bai yi mini daɗi ba. Kullum in na ga ƙaramin tankin ya ragu, sai in cika shi ya kai baki, yadda nake cika gangata. A ganina kulawa nake yi. Ashe wurin da ruwan sama zai sauka ya zauna ne nake toshewa.

Ke nan plombiyen bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Da hannuna a ciki. Amma magana ce da ba ta wuce numfashi biyu ba, ya gwammace ya kaɗa mini makulli.

Kashegari bayan la'asar, da masu cin abinci suka ragu, na kwashe ruwan ƙaramin tankin da kofi har ya koma rabi. Na kira Hajiya.

"Zo ki tsaya nan. Zan ɗauke wuta da kaina."

"Tanti, kin fara ko?"

"Ga tsumma, ga bokiti. In ya zuba, ni zan goge, kuma ki kira masu kifin, ni na ce."

Na zare filogin injin. Muka durƙusa mu biyu gaban kabad kamar masu jiran tuwo ya nuna. Ruwan leɓen ya zuba kaɗan ya tsaya da kansa. Amma na ƙasa bai daina hawa ba. Na ce ta taɓa tiyon, ta taɓa, ta ce, "Baya yake yi." Na miƙe na sa hannu cikin tankin sama, kifayen na shafar yatsuna, na ɗago bakin tiyon ya fito sarari. Ya yi ƙurrr irin na gida. Ruwa ya tsaya cak, da saura yatsa huɗu kafin baki.

Hajiya ta daɗe tana kallo. Ta ce, "To ai ba za ki tsaya nan riƙe da shi kullum ba."

"Iska kawai yake so. Zan ba shi ƙofa."

"A kira plombiyen?"

"Ki bar shi ya huta."

Ta yi dariya har ta dafa bango, ta ce in yi yadda na gani.

Da safe na fito da ƙusa ɗaya da kwalbar jan farcen 'yata a jaka. Na riga kowa isa kamar kullum. Na kunna gas, na riƙe ƙusar da filaya har ta yi ja, na ɗago tiyon na huda wuyansa daidai inda zai zauna kaɗan ƙasa da saman ruwa, yadda da ruwan ya ɗan sauka zai sha iska. Na zare filogi na jira. Ya yi ƙurrr tun ban ƙirga goma ba. Na mayar da filogin, na bari injin ya daidaita, sannan na ja layi da jan farce a jikin ƙaramin tankin daidai inda ruwan ya tsaya. A saman layin na rubuta IYAKA da manyan baƙaƙe, da hannuna, sannan na ɗauko abincin kifaye.