Zane na Biyar

Damanar bana shekara bakwai ke nan da maigidana ya riga mu gidan gaskiya. Duk Filinge Mushe ake ce mishi, wato malamin makaranta da bakin Faransa, don ya daɗe shina koyar da falsafa a lise, babbar sakandare, can Yamai kafin shi aje aiki mu dawo gida. Ni ko aji huɗu na yi a lakwal, makarantar boko, sauran na yaƙi da jahilci ne, sai ku yi haƙuri da rubutuna. Kunne ke gare ni, kuma shekara talatin da ɗoriya shina jingine da bakin mutum guda.

Mushe, in anka kawo mishi magana mai wuya, sai shi share ƙasa da tafin hannu, shi ɗauki kara shi yi zane biyar. Farkon dawowarmu mutane sunka ɗauka bugun ƙasa yake. Har wata tsohuwa ta zo daga Bonkuku da kaza a hammata, wai a duba mata jakinta da ya ɓace. Ya yi dariya har da hawaye, ya ce ta leƙa kasuwar Baleyara, ya maida mata kazarta. Zanen nan ba duba ba ne. Na farko na mutanen Sin ne, na biyu na Indiya, na uku na Yahudawa, na huɗu na Turawa. Sai shi faɗi abin da tsofaffin kowace ƙasa sunka gani kan maganar. Na biyar ba ya cika shi. Shi kan miƙa ma mai tambaya karan, shi ce: "Wannan naka ne." Ni haushi abin ke ba ni, in ce mutum ya zo da ƙishirwa ka miƙa mishi wasaki.

Abin da ya hana ni zama yanzu ga shi. Kwana tara da sunka wuce wata mata, Hadiza, ta iso ƙofata daga arewa, inda masu bindiga sunka tashe su, tana jaye da surukarta makauniya. Gidan cike yake da jikoki. Ɗaki guda ne babu kowa, na Mushe, inda akwatunan littattafanshi suke. Tun rasuwarshi Juma'a kawai nike buɗe shi in share. Su biyun suna ƙarƙashin rumfa, ga ruwa ya sauka.

Babban ɗana, wanda ba ni faɗin sunanshi, ya kira daga Yamai ya ce, "Inna, zamani ya sake. Ba ki san su ba, ba ki san wa ke biye da su ba." Rigakafi ya fi magani, ban ce ya yi ƙarya ba. Amma ni na san ba tsoro kaɗai ke riƙe da makullin ba. Ƙamshin Mushe ne ba ni so shi fita.

Na ƙona tuwo sau biyu. In shiga, in fito, in koma. Mi Mushe zai ce da wannan zamani da baƙo ya zama abin tsoro? Shekaranjiya da hantsi na share ƙasa na ɗauki kara, ina tuno muryarshi. Mutanen Sin, ya kan ce, wasunsu na ganin ƙauna daga gida take farawa ta bazu kamar ka jefa dutse a tabki, wasu ko sun ce uwar wani ma uwa ce. Na Indiya sun ce ran da ke cikinka shi ke cikin baƙo, ka yi abin da ya hau kanka kada ka tsaya jiran riba. Yahudawa sun ce matalaucin garinku shi ne farko, amma kada ka manta kakanninka sun yi baƙunci a ƙasar wasu. Turawa sun ce kada ka yi abin da ba ka so shi zama doka ga kowa. Na duba, na ga kowane zane ya ba ɗana rabin gaskiya ya ba Hadiza rabi. Kaina ya ƙara ɗaurewa.

Ina duƙe sai ga wan Mushe, Baba Arzika, wanda har yau bai bar al'adar kakanni ba. Ya ce, "Amarya, ke ma kin fara duba? Nawa ne?" Na faɗa mishi damuwata. Ya taɓa zane na biyar da sandarshi ya ce, "Mu nan Kurfai ko iskar bori ta zo baƙunci masauki muke ba ta, balle ɗiyar mutane. Amma ba ni za ni cika miki shi ba." Ya wuce abinshi.

Jiya na buɗe ɗakin. Da munka ɗaga akwatunan ni da Hadiza, ashe gara ta cinye na ƙasa tas. Shekara bakwai ina gadin turɓaya. Na yi kuka, tsohuwar ta lalubo hannuna ta riƙe.

Ban ce hankalina ya kwanta ba, ko yau sau uku na leƙa ƙofar gida. Amma na auna abin da ya saura na Mushe. Takardu na gara ne, ƙamshi zai bi iska. Abin da bai lalace ba shi ne zanen da ya ƙi cikawa, da karan da ya bari a hannuna. Allah shi jiƙanshi.

Kai kuma ɗana na Yamai, na san kana karanta jaridar nan. Ban iya faɗa maka ta waya ba: suna ciki.