Muryar Baffa da Na Bari Aka Goge

Abin da nake so a ce ban yi ba, a ido ba wani babban abu ba ne. Surukina, mijin ɗiyata, ne ya miƙo hannu zai karɓi ɗan filas na kwamfuta daga wurina ya duba abin da ke ciki, ni kuma na maida shi aljihu. Dalilin wannan marayun ƙanena suka rasa gefen gonar ubansu mai ruwa, kuma na bar bawan Allah ya ɗauki laifin kusan shekara guda ina kallo.

Karatuna bai wuce firamare ba. Hannuna ne ke da sauri, shi ya sa aka ɗauke ni mai buga takardu a ofishin ƙaramar hukuma, na shekara da shekaru ina bugun tafireta. Da kwamfuta ta zo aka tura mu kwas na 'yan kwanaki. Ban fahimci komai ba, hadda na yi. Na san in na danna can ƙasa a kusurwar hagu, na hau layi uku, farar takarda za ta fito. Na san inda ake dannawa ta ajiye, da inda ake dannawa ta fito da rubutu. Da wannan na yi ritaya, da wannan kuma mutanen unguwarmu a Gummi suke ce mini malamin kwamfuta. Ban taɓa gyara musu ba. Na sayi wata tsohuwa wadda ake ninkewa, ina zama a zaure ina rubuta wa mutane takardar neman aiki.

Asalinmu wani ƙauye ne a gefen Zugu. Ƙanena shi ya zauna can yana noma har Allah ya karɓi abinsa, ya bar mata da yara huɗu. Gonarsa ta fadama ta haɗa iyaka da ta wani gida da muka gaji maƙwabtaka da su. Babu takarda. Iyakar ita ce layin gamba, da wata tsamiya, da tsohuwar rijiya, sai abin da tsofaffi suka riƙe a kai. A gidanmu tsohon da ya rage wanda ya ga rabon da idonsa shi ne Baffa, ƙanen mahaifinmu.

Da mutanen daji suka fara matsa wa yankin, kowa ya soma zancen tashi, ni na kawo dabara. Na goya Baffa a babur, na sa aka kira tsohon wancan gidan, muka je gonar da hantsi. Na ɗauke su bidiyo da wayata suna bin iyakar.

"Kai ɗan boko," in ji Baffa, "ka ɗauke ni ta gefen da nike da haƙori."

Tsohon maƙwabcin ya ce, "To sai dai ya ɗauki ƙeya."

Suka yi ta dariya. Sannan Baffa ya nuna da sandarsa, ya ce daga tsamiya a miƙe har rijiya, nan iyayenmu suka tsaya suka yi musabaha, duk abin da ke ƙasa wajen ruwa na gidanmu ne. Maƙwabcin ya dubi wayar ya ce, "Haka na. Ni shaida na."

Da na dawo Gummi na kai wa wani mai shagon cajin waya, ya juye mini a kwamfuta, ya goge na wayar don ta cika. Don kada in sha wahalar nema, ya jera mini wasu 'yan hotuna a fuskar kwamfutar, kowane da 'yar kibiya a gindinsa. In na danna sau biyu sai Baffa ya fito yana magana.

Ba a daɗe ba ƙauyen ya watse. Baffa a gidana ya rasu, tsohon maƙwabcin ma muka ji labarin tasa rasuwar a wani gari. Matar ƙanena ta kama ɗaki kusa da mu. Duk sanda ta shigo gaisuwa sai ta ce, "Yaya, Baffa na nan?" Ni kuma in ce, "Yana nan cikin na'ura, ko tari bai yi." Wani lokaci in kunna mata, ta zauna bakin ƙofa ta saurara. Ita da yaranta ba su da wata hujja a duniya sai wannan.

To, sai kwamfutar ta fara ciwo. Kafin ta buɗe sai in yi alwala in dawo. Mijin ɗiyata ta biyu, ma'aikacin lafiya ne a Anka, shi ke riƙe da bayanan marasa lafiya a wurin aikinsu, ya zo gaishe ni wata Asabar ya tarar ina fama da ita. Ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya durƙusa, kansa a ƙasa kamar kullum. Da muka gama gaisawa ya ce babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar ce ta tsufa, ta kuma kwashi cuta. Akwai wata daban, mara nauyi, wadda ke tashin tsofaffin na'urori, in na yarda zai sa mini.

"Sai dai, Baba, in anka sa sabuwar, duk abin da ke ciki zai tafi. Sai an kwashe tukuna."

Na ce ya je ya gaida Innarsu a cikin gida, ni zan kwashe. Yana shiga na soka filas, na jawo 'yan hotunan nan na fuskar kwamfuta ɗaya bayan ɗaya na zuba a ciki. Nan take suka shige. Har na ji daɗi, na ce ashe yau tana da sauri.

Ya fito ya sake durƙusawa. "Baba, an kwashe?"

"Na kwashe."

"Har da na Baffa?"

"Shi na fara ɗauka."

Ya miƙo hannu biyu. "Ko in ɗan duba, Baba? Wani lokaci..."

A nan shaiɗan ya same ni. Akwai maƙwabta biyu zaune a zauren suna jiran takarda, mutanen da ke ce mini malamin kwamfuta. Ga suruki, wanda ko abinci ba ya ci a gabana, zai binciki aikina. Kuma can ƙasan zuciyata ina tsoron ya yi mini wata tambaya da ban san amsarta ba. Na jefa filas ɗin a aljihu na ce, "Malam, tun ba a yaye ka ba nike buga takardar gwamnati."

Maƙwabtan suka yi dariya. Shi ma ya yi murmushi ya ce, "Haka na, Baba. A gafarce ni." Da ɗana ne na cikina, da ya yi mini gardama har ya ƙwace. Suruki ba ya maimaita wa surukinsa magana. Ya janyo na'urar ya fara aiki.

Kafin la'asar ya gama. Da ya juyo mini da ita sai na ji kamar na dawo daga tafiya na tarar an sake wa gidana ƙofa. Kusurwar hagu da na shekara ina dannawa babu komai. Abubuwan sun koma gefe, a tsaye. Wurin rufe shafi ya ƙaura. Farar takardata tana nan, amma da wani suna da wata kama. Na riƙe linzamin kwamfutar ina yawo da kibiya, hannuna yana zuwa inda ya saba yana tarar da wayam. Ya ce zai nuna mini. Na ce ba sai ya nuna ba, duk ɗaya ne.

Na soka filas. Ga 'yan hotunan nan, amma sun zama farare. Na danna na Baffa sau biyu, wani rubutun Turanci ya fito. Na sake dannawa. Surukina ya leƙo, ya dubi wani ɗan lissafi a gefen kowane, sai na ga fuskarsa ta canza. Daga baya ya ce, "Baba, bari in tafi da ita in gwada wani abu."

Sati biyu tana hannunsa. Har Gusau ya kai ta, a hanyar da kowa ya san halinta. Ya dawo da ita ya durƙusa ya ce ba a samu ba.

Matar ƙanena ta shigo washegari ta ce, "Yaya, Baffa na nan?" Na ce mata sabon abin da yaron nan ya sa ya cinye shi. Haka na faɗa mata, haka na faɗa a masallaci, haka na faɗa wa duk wanda ya tambaya. A lokacin ma na ɗauka gaskiya nake faɗi, ko kuma na so ta zama gaskiya. Dangi suka ɗauka. Aka riƙa cewa ɗan asibiti ya zo da iyayi ya kashe hujjar marayu. Ɗiyata ta rage zuwa gida. Shi kuwa bai fasa zuwa gaisuwa ba, bai kuma taɓa cewa uffan ba.

Sabuwar manhajar ta gagare ni. Takardar da nake bugawa kafin shayi ya huce sai ta ci mini wuni. Don kada a gane, na riƙa cewa idona ne. A ƙarshe na lallaɓa wurin wata malamar sakandare, Kirista ce daga kudu, ta daɗe a garin tana koyar da kwamfuta, Hausarta ta fi ta wasu 'yan gari. Na zaɓe ta ne don ba ta cikin danginmu. Ta koya mini a kwana uku abin da ban koya ba a shekara ashirin, don ita ba ta jin kunyar ce mini, "Baba, ba haka ba ne, sake."

A rana ta uku na ba ta filas ɗin, na ce ta ga ɓarnar da sabon tsarin ya yi mini. Ta duba, ta cire tabarau.

"Baba, wa ya kwashe wannan?"

Na ce, "Me ya faru?"

"Babu bidiyo a nan. Bai taɓa shiga ba. Waɗannan alamar hanya ce kawai. Kamar allon bakin titi da aka rubuta Gummi. In ka tuge allon ka sa a mota, ka ɗauko garin?"

Na ce ko da tsohuwar manhajar ce ba zai buɗe ba?

"Ko wace ce. Wanda ya kwashe shi ya bar kayan a baya. Da an duba kafin a goge, ai minti ɗaya ne."

Na ce mata wani ne ya kwashe mini. Ta ce, "To Allah ya shirye shi." Na ce amin.

Daga ranar na san gaskiya, na kuma gane cewa surukina ya santa tun ranar farko, tun da ya leƙo ya ga abin da ke cikin filas ɗin. Wannan shi ne ɓangaren da ya fi yi mini nauyi. Kuskuren farko jahilci ne. Amma bayan na sani, na ƙara wata bakwai ban buɗe baki ba. Sau da yawa yana durƙushe a gabana maganar ta zo mini har maƙogwaro, sai in tambaye shi ya aiki.

Da aka ɗan samu sauƙi mutane suka fara komawa noma, muka je ƙauye a kan babura, ni da matar ƙanena da babban ɗanta. Surukina ne ya goya ni. Gonar ba ta ganuwa. Wuta ta cinye gamba, an sare tsamiya an yi gawayi, masu haƙar zinariya sun bi wurin sun bar ramuka, har ba ka iya cewa wannan ce rijiya wannan rami ne. 'Ya'yan maƙwabcin suka nuna wani rami can sama suka ce nan ubansu ya nuna musu. Ban ce ƙarya suka yi ba, yara ne lokacin da aka tashi. Na ce ni na ji da kunnena ubansu ya shaida. Mai gari ya ce, "Malam, kai ɗan gida na, ba ka shaidar gidanku. An ce akwai hoto. Ina shi?"

Babu hoton da za mu nuna. Aka ja igiya aka raba inda ake gardama, gefen da ke riƙe ruwa har rani ya faɗa wancan gida.

Matar ƙanena ba ta yi kuka ba. Ta juya wurin surukina, a gaban mutane, ta ce, "Kai da iliminka, ka kashe muna Baffa sau biyu."

Ya durƙusa a cikin kunyar gona ya ce, "Ki yi haƙuri, Inna. Laifina na."

Ban san sanda na ce, "Ba shi ba ne." Muryata ta fito kamar ta wani. Na faɗa musu duka, yadda na kwashi alama na bar kaya, yadda ya miƙo hannu na hana shi, yadda malamar ta gaya mini na yi shiru. Na ce ban taɓa sanin kwamfuta ba, hanya ɗaya na haddace.

Matar ƙanena ta juyo gare ni. Sannan ta ce, "Yaya, da ka ce ba ka sani ba, wa zai buge ka?"

A hanyar dawowa na ce wa surukina ya yafe mini. Ya ce, "Ba komai, Baba," ya ƙara wuta don mu fita daji da sauran rana. Matar ƙanena kuma tana gaishe ni har yanzu, tana aiko mini da kunu in ba ni da lafiya, amma yaranta suna noman tudu, in damina ta yi gardama sai sun nemi aikin gonar wasu.

Ku da kuka kai shekaruna, roƙona gare ku ke nan. In aka sake muku abin da kuka saba da shi, kuka rasa gane gabansa, ku ce ba ku gane ba, ko a gaban wa. In na ƙasa da ku ya ce bari ya duba, ku ba shi ya duba, musamman in amanar wani ce a hannunku. In kuma kun riga kun yi ɓarnar, kada ku kwana da ita a wuyan wanda kunyarku ta hana shi magana. Ku kuma yara, in kun ga dattijo zai yi irin tawa, ku dage masa ko zai yi fushi. Fushin zai wuce kafin sati.