Cindo Mai Famfo da Zaɓen Kwamitin Ruwa

Cindo Ishaƙ bai taɓa yin siyasa ba, gyaran famfon tuƙa-tuƙa ne sana'arsa. An haife shi a Kukar Baraka, wani gari a ƙasar Gagarawa. Noman gero bai karɓe shi ba, sai ya tafi Gumel yana saurayi, ya shekara shida a hannun wani mai haƙa rijiyar burtsatse. Ya dawo gida da jakar sifanu da tsohon babur, kuma cikin shekara ashirin da wuya a sami famfo daga garinsu har gefen Sule Tankarkar da bai taɓa kwance kansa ba. Mutum ne mai ƙarancin magana, sai dai kowa ya san ƙarar babur ɗinsa.

Shekara uku da suka wuce wata ƙungiyar agaji ta haƙa wa Kukar Baraka rijiya mai aiki da hasken rana, da babban tanki. Ta ce za ta ja bututu zuwa uku daga cikin ƙauyuka shidan da ke kewaye da garin, amma sai jama'a sun zaɓi kwamitin mutum bakwai da zai faɗi inda ruwan zai fara zuwa. A kan yadda za a yi zaɓen ne gari ya rabu.

Ɗalha, yayan Cindo uwa ɗaya uba ɗaya, dillalin hatsi ne mai faɗa a ji. Shi ya tsaya a kan a haɗa kowa da kowa a yi layi ɗaya, mutum bakwai da suka fi jama'a su hau. Hujjarsa ba ta banza ba ce. Ya tuna wa mutane kwamitin taki na shekarun baya, wanda kowane ƙauye ya turo nasa, kowa ya ja wa garinsu, har damina ta wuce ba a raba buhu ɗaya ba. Ya kuma tambaya ta yaya ƙauye mai gida goma sha biyar zai yi daidai da gari mai gida ɗari huɗu. Mutanen ƙauyuka kuwa suka ce kowane gari kujera ɗaya, don sun san ko an haɗa su duka ba su kai Kukar Baraka yawa ba.

Sunan Cindo ne na farko a takardar 'yan takarar da Ɗalha ya tsara, kuma babu mai shakkar zai ci. Ana saura kwana biyu a yi taron yanke shawara, Cindo ya je gyara a Gidan Dogo, ƙauye mafi nisa a cikin shidan. Ummulkhair, dattijuwar da ke riƙe da makullin famfon, ta tsaya tana kallonsa yana zaro sanduna. Ba ta roƙe shi komai ba. Ta dai gaya masa cewa mako uku ke nan da suka aika masa, kuma tun lokacin jikokinta mata ke ɗauko ruwa daga nisan tafiyar sa'a guda. Ya buɗe baki zai ce aiki ne ya yi masa yawa, sai ya tuna famfon ƙofar masallacin unguwarsu da ya gyara ranar da ya lalace. Ya ci gaba da zaro sandunan.

Ranar Juma'a bayan an sauko, aka taru a filin makarantar firamare. Mutanen gari suka zauna a inuwar darbejiya, na ƙauyuka suka tsaya can gefe cikin rana, wasu da sanduna a hannu, babu wanda ya yarda ya zauna. Dagaci ya buɗe da addu'a, amma kafin mutum uku su gama magana an fara nuna juna da yatsa. Wani daga ƙauye ya ce in aka yi layi ɗaya su kam sun tafi, kuma bututu ba zai ratsa gonakinsu ba. Wani daga gari ya miƙe yana naɗe hannun riga. Sai Ɗalha ya ɗaga murya ya ce a saurari Cindo, shi da ya san kowane ƙauye, yana da tabbacin ƙaninsa zai mara masa baya.

Cindo ya miƙe. Bai kalli yayansa ba.

"Ranka ya daɗe," ya ce wa dagaci, "ni ne kuke ganin zan yi wa kowa adalci. To ni ɗin nan na bar Gidan Dogo mako uku babu ruwa, ba don ina ƙin su ba, sai don babu ɗayansu da nake haɗuwa da shi kullum a sahu. In ni na manta da su, ban san wanda zai tuna ba. A ba su kujerarsu."

Ɗalha ya dube shi ya ce a hankali, "Ashe haka za ka yi mini a gaban mutane?" Ya saka takalmansa ya koma bayan taro.

Sai da aka kusa la'asar dagaci ya samo mafita: kujeru tara, kowane ƙauye ɗaya, Kukar Baraka uku. Babu ɓangaren da ya ji daɗi sosai, amma babu wanda ya tafi. Da mutanen gari suka yi layin nasu ukun, Ɗalha ya zo na ɗaya, Cindo ya zo na biyar. Maƙwabtansa da yawa sun wuce shi suka tsaya bayan wasu ba tare da sun ɗaga ido ba.

Abin da Ɗalha ya hango bai kasa faruwa ba. Kwamitin ya yi wata huɗu yana jayayya, har ƙungiyar ta aiko da gargaɗin za ta kai aikin wani wuri, sannan aka daidaita. Gidan Dogo ta samu shiga cikin ƙauyuka ukun da za a ja wa bututu da ratar ƙuri'a ɗaya tak. 'Yan'uwan biyu, da suka saba cin tuwo kwano ɗaya a ƙofar gida, sun daɗe gaisuwa kawai ke haɗa su.

Cindo yana nan yana gyaran famfo. Bana wa'adin kwamitin zai ƙare, kuma an fara tayar da maganar layi ɗaya a majalisu. In an tambaye shi ra'ayinsa, cewa yake har yanzu bai san wanne ya fi ba, ya dai san ba zai tsaya takara ba.