Na Goge Rubutun Babanmu da Hannuna

Assalamu alaikum Edita. Na daɗe ina karanta wannan shafi naku, ina ganin wautar mutane ina cewa a raina ni kam ba za a taɓa jin irin wannan daga gare ni ba. Yau ga tawa na kawo, ina roƙon a sakaya sunana.

A lokacin da abin ya faru ina zaune a cikin garin Daura da mijina da yarana, ina sayar da atamfa da turaren wuta ta waya. Ni ce 'yar fari a gidanmu, kuma duk wanda ya san ni ya san ba na shiri da tarkace. Abin da ba a amfani da shi, ko a sayar, ko a kyautar, ko a ƙona. Ƙannena har tsokanata suke yi, wai idan baƙo ya daɗe a ɗakina bai motsa ba, sai in haɗa da shi in share. Ina jin daɗin wannan shaidar a lokacin, ina ganin duk gidan ni ce mai tsari.

Babanmu, Allah Ya jiƙansa, direban babbar mota ne, yana ɗaukar shanu daga kasuwannin bakin iyaka ya kai Kudu. Ya yi firamare, yana karanta Turanci daidai gwargwado, kuma yana da wata ɗabi'a da abokansa ke masa dariya a kai. Duk tafiyar da ya yi sai ya sayo littattafan nan na zane, waɗanda labarin ke tafiya hoto bayan hoto, maganar kowa tana rubuce a saman kansa. Innarmu kuwa 'yar malamai ce daga Sandamu, ba ta taɓa shiga aji ba, amma ajami ba ya yi mata gardama. Sai Baba ya riƙa zama da fensir kafin ya koma hanya, yana yi mata rubutun ajami a gefen kowane hoto, don ta samu abin karantawa idan ba ya nan. Haka suka taru har suka cika akwatin ƙarfe. Bayan rasuwarsa na sha shiga in tarar da ita da la'asar ta baje ɗaya a cinya tana bi da yatsa, wani lokacin tana dariya ita kaɗai. Ban taɓa tambayarta abin da ke ba ta dariya ba. Akwai kunyar 'yar fari tsakanina da ita, ko sunana ba ta faɗa. Rubutun Baba kuma irin na allo ne, ƙanana a cunkushe, ni da na yi Islamiyya ba na iya fitar da shi, ban kuma taɓa damuwa in koya ba.

Daga baya yanar ido ta rufe wa Inna gani. Karatu ya gagara, akwatin ya koma ƙarƙashin gado ya yi shekaru ba wanda ya buɗe shi. Ni a ganina ta manta da shi.

Wata rana a wani zauren saye da sayarwa na waya na ga ana neman tsofaffin kaya, irin su kwabbai na da, da faifan garmaho, da littattafan zane. Ina neman ƙarin jari a lokacin, ina son in saro atamfa kafin Sallah. Na je gida na ce wa Inna zan ɗauki akwatin in shanya littattafan saboda gara. Ba ta musa ba, ta dai ce in bi na ƙasan a hankali don sun tsufa. Na ɗauki hotunan bangon na tura wa wani dillali a Kano. Ya ce yana da mai saye, wani dattijo daga Abuja da ke tara irinsu, ya kuma tambaye ni ko suna da tsabta. Na ce akwai rubutun fensir a kusan kowane shafi. Ya ce ai wannan ya karya musu daraja, masu saye sun fi son littafi kamar ba a taɓa buɗe shi ba, amma tunda fensir ne abin da sauƙi.

Na sayo kilina mai laushi ta goge fensir. Kullum idan yara sun tafi makaranta sai in shimfiɗa tabarma a tsakar gida in fara, shafi bayan shafi, ina gogewa ina hurewa. Kafin azahar sai in share baƙin garin da ya taru a tabarmar in haɗa da tokar murhu in zubar. Abin da ya fi tsaya min a rai har yau shi ne na iya aikin. Ban yaga ko shafi ɗaya ba. Da na gama na jera su ina kallo, har na ɗauki hoto na tura wa dillalin ya yaba min.

Dattijon ya zo Daura ɗaurin aure, ya biyo ta gidanmu. A zaure muka zauna, da shi da mijina da ni. Sai da ya nemi ruwa ya wanke hannu ya goge kafin ya taɓa littafi, abin har ya so ba ni dariya. Ya buɗe na farko, ya buɗe na biyu, sannan ya karkata shafin wajen hasken ƙofa yana kallon sawun da bakin fensir ya bari a jikin takardar. Can ya ci karo da wasu shafuka biyu da suka manne da juna, ina jin kunu ne ya taɓa ɗiga a wurin. Ya sa bakin wuƙa a hankali ya raba su, sai ga rubutun Baba cike da gefen shafin, wanda hannuna bai kai gare shi ba. Ya tambaye ni na wane ne. Na ba shi labari, har da ba shi haƙuri cewa wannan ne kaɗai ya kuɓuce min, sauran duk na tsabtace su.

Ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Bai yi faɗa ba. Ya ce irin waɗannan littattafai an buga su jibgi guda a zamaninsu, masu tsabta yana da su har ya rasa inda zai sa. Abin da yake yawo yana nema shi ne littafi mai asali, wanda za a iya cewa ga hannun da ya riƙe shi, ga gidan da ya zauna. Ya ce direban da ke yi wa matarsa ajami a gefen littafin Turanci, shi bai taɓa gani ba, kuma ba ya jin akwai na biyunsa. Raina ya ɓaci, na kama musu da shi. Na ce takarda ɗaya ce, hoto ɗaya ne, ta yaya mai datti zai fi mai tsabta tsada, in ba dai salon 'yan birni na raina wa mutane hankali ba. Ya ce ina da gaskiya, takardar ɗaya ce, shi ya sa ba takardar yake saye ba. Ya nemi in sayar masa da guda ɗayan nan. Na ce a'a. Kada a ɗauka hankali ne ya zo min a lokacin, haushi ne kawai. Haka ya tafi bai sayi ko ɗaya ba. Da na kira dillalin ya ce shi ma haka ya ji ana faɗa, wai masu tsabta sun fi tsada, ya kashe waya.

Na tura akwatin bayan ƙofa ina lissafin asarar kwanakina, Inna ko zuwa raina ba ta yi ba. Ba a daɗe ba ƙanena ya kai ta Katsina aka yi mata aikin ido, Allah Ya sa aka dace. Ranar da aka cire mata filasta gida ya cika da 'yan barka. Da suka watse, ta dubi ƙanwata ta ce a gaya wa waccan ta kawo akwatin.

Na kawo. Tun daga gidana har ƙofar ɗakinta ina da damar yin magana, ban yi ba. Ta ɗauki na sama ta buɗe, ta matso da shi kusa da fuska, ta nesanta shi, ta goge ido da gefen mayafi. Ta ce a matsar mata da tabarma bakin ƙofa. Ta sake dubawa, sannan ta ce dama likita ya faɗa sai a hankali, hotunan tana ganinsu sarai, rubutun babanmu ne dai bai fito ba tukuna. Ta ce wa ƙanena ya ɗiga mata maganin. Haka ta yi ta yi kullum da la'asar, ta ɗauki littafi ta duba ta ajiye, ba ta yarda lokacin magani ya wuce ko sau ɗaya. Ni kuma ina zuwa in gaishe ta, in tambaye ta ya ido, in koma gida in dafa abinci.

Ina wurin ranar da ta iso kan littafin nan. Ta buɗe shafin, yatsanta ya tsaya, ta fara karantawa a fili ba tare da ta lura ba. A hoton wani mutum ne da bindiga yake dirowa daga mota, kuma na iya Turanci, na san abin da aka rubuta a saman kansa. Abin da Baba ya rubuta daban ne. Cewa ya yi a ajiye masa ƙanzo, kuma idan yarinyar ta fara tafiya kafin ya dawo, kada kowa ya tare shi a zaure ya gaya masa, a bar shi ya shigo ya gani da idonsa. Yarinyar ni ce. A ranar na gane ba fassara kaɗai na goge ba.

Inna ta juya shafi na gaba, ta ga gefensa fari fes. Ta dawo baya, ta sake juyawa. Ta sa babban yatsa tana shafa sawun fensir ɗin. Ba ta dube ni ba. Ta ce ashe idon ya warke, ta rufe littafin, ta ce a miƙo mata buta. Washegari na je na durƙusa na faɗa mata duk yadda aka yi. Ta ce ta ji, ta tambaye ni ko yara sun ci abinci.

Har yau ban yi kuka a kan wannan abu ba, kuma ba ƙarfin hali ba ne. Ina cin abinci, ina sayar da atamfata, ina dariya idan an yi abin dariya, amma kamar wata ce ke yi ina kallonta. Da Inna ta zage ni ina jin da na samu inda zan kama. Akwatin na nan a ɗakinta ba ta buɗe shi, littafin guda kuma yana ƙarƙashin matashinta.

Wancan dattijo na yi masa musu a kan tsada, yanzu ba ni da bakin musu. Ban san ko daidai ne a sa wa irin wannan abu farashi ba, amma na san tsabtar da na yi taƙama da ita ba ta da mai saye. 'Yan'uwana masu karatu, idan kun ga tsohon kaya a ɗakin iyayenku, kada shirun da suka yi a kansa ya sa ku ɗauka sun manta. Ku tambaya kafin ku sa hannu, ku kuma zauna a karanta muku tun mai karantawar na nan. Ni sai bayan komai ya wuce na tafi da takarda da biro, na roƙi Inna ta faɗa min abin da ta tuna in rubuta. Ta ce ba ta haddace ba, don ta san inda yake ajiye.